Tsumma a Goshin Asiyatu

Namalweso, watan Disamba

Zuwa ga Kaka Efrida,

Gaisuwa mai tarin yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata takardar nan za ta same ki lafiya, ke da mutanen gida da 'yan zumuntar matan coci baki ɗaya. Yaya gwiwar? Har yanzu kina hawa tudun coci da ita kina cewa ba ta ciwo? Ni dai lafiyata ƙalau, sai zafin bakin tafki da ban saba da shi ba.

Tun da yayarki, kakata, ta rasu, ke kaɗai kika rage mai yi mini faɗa, shi ya sa ke na fara rubuta wa. Asibitin da aka turo ni ƙarami ne. Daga ni sai shugabanmu Mista Chikopa, sai ungozoma. Mutanen garin 'yan ƙabilar Yao ne, masunta, kusan dukansu Musulmi. Suna jin Chichewa, da shi muke magana. Tumbuka kuwa, yarenmu na gida, sai in na yi tuntuɓe nake jin ta, daga bakina.

Bari in ba ki labarin da zai faranta miki. Ranar kasuwa da rana tsaka wata mata mai suna Patuma ta shigo a guje da 'yarta Asiyatu, 'yar shekara biyu. Jikinta kamar garwashi, tana jijjiga, ido ya juye. Mista Chikopa ya tafi karɓo magani, ni kaɗai ce. Na yi mata allurar tsai da jijjiga, na sa mata ƙarin ruwa da kwinin, na jiƙa tsumma ina shafa mata a goshi da ƙirji. Kaka, ban san lokacin da bakina ya kama addu'a da Tumbuka ba, da ƙarfi, yadda kike yi. Kafin la'asar yarinya ta buɗe ido ta nemi nono. Da aka sallame su tana tafiya da ƙafarta.

Uwar ba ta yi mini sallama ba, amma ina ganin kunya ce. Ki taya ni gode wa Allah.

Jikarki,
Lusungu

Luviri, watan Janairu

Zuwa ga Lusungu,

Na gaishe ki, ja'ira. Muna lafiya. Gwiwata tana nan daram, ki bar sa mata ido, ba majinyaciyarki ba ce. Ruwa ya sauka da kyau, masara ta kai ƙugu, wake ma ya yi fure. Awakin fasto sun shiga gonata, na kora su har ƙofar gidansa na kuma yi masa wa'azi kyauta.

Na karanta takardarki a taron zumunta. Mata sun yi guɗa, wata ma har da hawaye. Na ce musu ni na koya miki, kada wata ta ɗauki ladan. Haka nake so. Allura aikinki ce, warkarwa ta Mai Sama ce, kada ki raba su. Kada kuma ki ji kunyar sunan Yesu don kina cikin waɗanda ba su kiransa yadda muke kira. Ki buɗe baki ki yi addu'a a kan kowane gado, su ji.

Kina cin abinci kuwa? An ce mutanen tafki ba su san ganye ba, sai kifi safe da yamma. In kin dawo kina ƙarni, a waje za ki kwana.

Kakarki,
Efrida Kalua

Namalweso, watan Fabrairu

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Ni ma jikina lafiya. A tsaye nake rubutun nan, motar da za ta tafi da wasiƙu tana jira.

Abu ya lalace. Bencin jira ya zama wayam, alhali yanzu ne sauro ya fi yawa. Mata sun daina kawo yara, har rigakafi ba sa zuwa. Ungozoma ce ta jiyo dalili a bakin rijiya. Wai nas ɗin nan 'yar arewa, wato ni, tana yi wa 'ya'yan mutane baftisma a ɓoye. Patuma ta ga ruwa a goshin 'yarta, ta ji ina magana da yaren da ba ta sani ba, kalma ɗaya ta gane, Yesu. Ta gaya wa surukarta, wata tsohuwa da ake kira Abiti Jafali, wadda in ta yi magana matan garin ba sa tsallakewa.

Mista Chikopa ya kira ni. Shi ma Kirista ne, dattijo a cocinsu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Lusungu, mutanen nan magani suka zo karɓa. Ki duba bencin can ki gaya mini wa addu'arki ta taimaka yau."

Na yi kuka, na yi tunani. Na ga da gaskiyarsa. Don haka, Kaka, na daina addu'ar. Direba yana ta hon.

Lusungu

Luviri, watan Maris

Lusungu,

Gaisuwa. Muna lafiya, in ban da zuciyata da kika dagula.

Na goge tabarau na sake karantawa, ko idona ne. Ba idona ba ne. Kin daina addu'a! Ke da aka haifa ba ki numfashi, yayata ta durƙusa a ƙasa tana kiran Allah har kika yi atishawa? Wata huɗu kacal a bakin ruwa, har an juya miki kai? Shi wannan Chikopa wane irin dattijon coci ne? A turo mini shi.

Na gaya wa fasto. Na gaya wa 'yan zumunta, mun ɗauki azumi dominki ranar Alhamis. Idan mutanen can ba sa son nas mai addu'a, su nemi wata, ki dawo gida, mu nan muna da marasa lafiya da za su ce amin. In ban ji magana mai daɗi daga gare ki ba, da an gama girbin taba zan hau bas in zo in ɗauko ki da kaina, gwiwa ko ba gwiwa.

Kakarki da kika hana barci,
Efrida

Namalweso, watan Maris

Zuwa ga Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa, ko da yake raina a ɓace yake. Ina fata kina lafiya. Ni ma da sauƙi.

Haba Kaka! Kin tara mata kin ce musu na bar Allah? Addu'ar da nake yi da murya a kan gadon majinyaci, ita na ce na daina. Sauri ne ya sa ban ƙarasa zancen ba. Ban taɓa yin addu'a kamar yadda nake yi yanzu ba, sai dai a ɗakina, da kuma a cikina lokacin da nake neman jijiya a hannun yaro.

Kin ce su nemi wata nas. Babu wata. In na tafi, sai a shekara ba a turo kowa ba.

Makon jiya wani masunci ya kawo ɗansa Amidu a kan keke. Yaron ya daɗe da zazzaɓi a gida. Tafin hannunsa fari fat, jini ya ƙare. Na tambayi uban me ya hana su zuwa da wuri. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Uwarsa ce ta ji tsoro." Bai faɗi tsoron me ba, ni ma ban tambaya ba. Muka nemo mota zuwa babban asibiti don a ƙara masa jini. Bai kai ba.

Kaka, ban yi niyyar mugunta ba, kin sani. Amma bakina ne ya kori uwar Amidu. Kin ce kada in raba allura da addu'a. To ga shi addu'ar ta hana a zo karɓar allurar. Ki gaya mini yadda zan yi, ba faɗa nake nema ba wannan karon.

Lusungu

Namalweso, ƙarshen watan Afrilu

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiya kuwa? Kullum motar wasiƙu ta zo sai in fita, in dawo hannu wofi. In fushi kike da ni kan yadda na yi miki magana, ki yafe. Gara zaginki da shirun nan.

Da na ga ba amsa, sai na yi abin da zuciyata ta ba ni. Ranar Lahadi bayan sujada a coci na tafi gidan Abiti Jafali. Na same ta a bakin ruwa tana shanya ƙananan kifi a kan katanga ta kara. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ta kai kafaɗata ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ke ce mai wankan?"

Na ce, "Ni ce, Iya."

"Kin zo da ruwanki, ko a ɗebo miki?"

Matan da ke wurin suka kwashe da dariya. Na ji kamar in nutse. Amma na daure na ce mata ruwan da na shafa wa Asiyatu na tulun asibiti ne, don a kwantar da zafin jiki, kuma kowane yaro mai irin wannan zazzaɓi haka ake masa. Na ce a cocinmu fasto ne kaɗai ke yin baftisma, a gaban jama'a, sai iyaye sun kawo ɗansu da kansu. Ni ko kaza ban isa in yi wa ba.

Ta ce, "Amma kin kira sunan."

Na ce, "Na kira. Ba zan yi miki ƙarya ba."

"To me kika ce? Faɗa mini da yaren mutane."

Na fassara mata. Na ce, cewa na yi, Yesu ka taimake ni, kada yarinyar nan ta mutu a hannuna.

Ta juya kifin da ke gabanta, sannan ta ce, "A hannunki. Ashe kanki kika roƙa wa."

Kaka, rabin zancen gaskiya ne. Tsoro ne ya buɗe mini baki ranar.

Ta ce, "Ni ma ranar ina ƙofar asibitin da carbina, abu ɗaya muke roƙo. Ba roƙon ne ya ɓata mini rai ba. Uwar yarinya tana tsaye kusa da ke. Bakinki ya iya kiran sama, bai iya juyowa ya ce, Patuma, zan roƙi Allah irin namu, kin yarda?"

Na ce, "Da na tambaya, me za ta ce?"

Ta ce, "Wa ya sani? Ai ba ki tambaya ba."

Na ba ta haƙuri. Na gaya mata zancen Amidu, na ce ko ba za su yafe mini ba, su kawo yara wurin Mista Chikopa, ni sai in koma ɗakin magani. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta miƙo mini faifai ta ce tunda na zo, in taya su kwashe kifi kafin hadari ya iso. Na kwashe har hannuna ya yi ƙarni, yadda kika yi tsoro. Na dawo ban san inda muka tsaya ba.

Don Allah ki rubuto, ko layi ɗaya.

Lusungu

Luviri, watan Mayu

Zuwa ga jikata Lusungu,

Na gaishe ki. Kada hankalinki ya tashi da ganin rubutuna ya karkace, hannun ne bai gama dawowa ba. Ba fushi na yi ba, kwanciya na yi. Ruwa ya dake ni a gona, sanyi ya kama mini huhu, aka ɗauke ni a amalanke zuwa asibitin gunduma. Na hana a gaya miki. Takardunki biyu a gida na tarar da su. Yanzu ina shan kunu, ina zagin mutane, kin ga an warke.

Abin da na gaya wa 'yan zumunta a kanki, na koma na janye shi a gabansu. Ban saba ba, kada ki sa rai zan sake.

Yanzu ji abin da ya same ni. Ina kwance, numfashi da ƙyar, sai ga wasu samari da 'yan mata na wata sabuwar coci sun shigo ɗakin lokacin ziyara. Ba sallama, ba wace ce ke. Wani yaro da bai isa jikana ba ya dafa mini kai da hannu biyu yana jijjiga ni, yana ihu wai aljanin da ke cikin tsohuwar nan ya fita. Ɗankwalina ya faɗi ƙasa, furfurata a waje, gaban maza. Ina so in ce masa, kai, aljanin uban wa, ni da nake jagorar zumunta tun uwarka tana goye? Amma ba numfashin faɗa. Suka gama suka wuce gado na gaba suna murna.

Na yi kuka, Lusungu. Sunan da suka kira nawa ne, na fi su saninsa. Duk da haka ji na yi kamar an shiga ɗakina ba a ƙwanƙwasa ba. Ina kwance sai Patuma ta faɗo mini, ita da ko yaren ba ta ji.

Da suka fita, wata nas ta zo ta ɗauki ɗankwalin ta kakkaɓe ta ɗaura mini. Ta gyara mini matashi, ta ba ni magani, sannan ta ce a hankali, "Mama, kina so in yi addu'a da ke, ko in bar ki ki huta?" Na ce ta yi. Ba ta fi jimla uku ba, ko ta gadon kusa ba ta ji ba. Ban san ko ta fi ta samarin isa sama ba, wannan ba hurumina ba ne. Amma ita ce na iya cewa amin a kanta.

Don haka zancen da na rubuta miki, na kowane gado su ji, ki ajiye shi gefe. Ban ce ki rufe bakinki har abada ba. In an tambaye ki wa kike bauta wa, ki faɗa ba kwana-kwana. In an ce ki yi addu'a, ki yi da zuciya ɗaya. In ba a ce ba, ki yi ta a ciki, ki wanke hannu da kyau, ki sami jijiyar nan a karo na farko. Mai Sama ba kurma ba ne.

Zancen Amidu kuma, kada ki ɗauke shi duka a kanki. Mun sa uwarsa a addu'a.

Tsohuwar nan taku ta burge ni. Bakinta ya yi kama da na wata da na sani.

Kakarki,
Efrida

Namalweso, watan Yuni

Kaka tawa,

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya tashe ki. Ni lafiya lau. Amma ki sani ban yafe ɓoye mini da kika yi ba. Kina da nas a dangi, ki kwanta asibiti ba ta sani ba? Ki shanye maganin duka, ko kin ji sauƙi. Kada ki fita gona da sanyin safiya. Na san ba za ki ji ba, shi ya sa na rubuta wa fasto ya sa miki ido, shi ma ya samu ya rama.

Bencinmu ya fara cika. Ba duka suka dawo ba, akwai waɗanda har yanzu in sun gan ni sai su ce Mista Chikopa suke jira. Amma ga yadda aka fara. Wata safiya Abiti Jafali ta shigo da kanta, tana jan maƙwabciyarta da yaro mai zazzaɓi. Na ɗauko kwano da tsumma, sai ta karɓe daga hannuna.

Ta ce, "Ni zan shafa. Ke yi allurarki."

Na nuna mata inda za ta sa, goshi, hammata, ƙirji. Tana shafawa tana motsa baki, ni ma ina nawa a ciki. Ta ɗago ta harare ni ta ce, "Na san kina yi." Na ce ina yi. Ta ce, "To yi, ba a hana mutum cikinsa." Tun daga ranar, duk uwar da ta kawo yaro mai zafin jiki, ita nake ba tsumman. Ashe ma sun fi samun natsuwa in hannunsu na aiki.

Na gaya wa Mista Chikopa labarin nas ɗinki, ya ce in tambaya ce, ba shi da ja. Yanzu in na ga mutum a tsorace nakan ce, ni Kirista ce, kana so in yi maka addu'a, ko in yi shiru ka yi taka? Wasu su ce yi. Wasu su ce a kira musu malaminsu, in aika a kira. Wani tsoho da ƙugiya ta shige masa yatsa ya ce, "'Yar nan, cire ƙugiyar tukuna, mu yi zancen Allah daga baya." Patuma ta zo awo, tana da ciki. Na tambaye ta. Ta ce a'a. Na ce to, na auna ta, muka rabu da dariya.

Ranar da takardarki ta zo, Abiti Jafali ta same ni a baranda ido ya yi ja. Ta tsare ni sai da na ba ta labarinki duka, har da ɗankwalin. Ta yi dariya har da tari, sannan ta yi tsaki ta ce yaran zamani ba su da kunya ko'ina. Jiya ta kawo ƙullin busasshen kifi ta ce a aiko miki, a yi miki romo. Yana hannun direban bas.

Ta kuma ba ni saƙo, ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Ga shi: "Ki ce wa tsohuwar, ina so in sa ta a addu'ata bayan salla, irin tamu. Amma ni ba na yi wa mutum sai na tambaya. Ta yarda?"

Tana jiran amsa, Kaka. Kullum sai ta leƙo.

Jikarki,
Lusungu

Luviri, watan Yuli

Lusungu,

Na gaishe ki, muna lafiya. Kifi ya iso, na sha romo, na hana fasto ko ɗaya tunda ya zama ɗan sandanki.

Ki je wurin Abiti Jafali, ki durƙusa yadda ya kamata, ki gaishe ta da sunana. Ki ce mata na gode da ta tambaya, kuma na yarda. Ki ce mata huhun hagu ne, don ta san inda za ta nufa.

Sannan ki tambaye ta, ni ma, in ta ba ni izini, ranar Alhamis a taron zumunta zan ambaci sunanta. Kada ki rubuto sai da amsarta.

Kakarki,
Efrida Kalua